Jan Biro

'Yata ta zo hutu, amma kwana uku ba ta ɗaga kai daga kwamfuta ba. Da na tambaya, ta ce ɓaraka aka gano a manhajar da ke rubuta duk abin da ya shiga manyan kwamfutocin wurin aikinsu. Aikin manhajar rubutawa ne kawai. Amma in wani daga nesa ya cusa umarni cikin abin da za ta rubuta, sai ta aikata, ba ta tambayar daga ina ya fito. Ta ce, "Baba, ba za ka gane ba." Ban yi musu ba. Na san cutar nan tun kafin in auri uwarta.

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, soja na mulki, ina akawu a wata ma'aikata a Sakkwato. A bakin ƙofa akwai wani ƙaton littafi, duk wanda ya shigo ya rubuta sunansa da abin da ya kawo shi. Kula da shi yana wuyana. Babban sakatarenmu kuwa mutum ne mai gaggawa. In zai wuce da safe sai ya zaro jan biro ya rubuta a ciki da manyan baƙaƙe: mota kaza ta je wuri kaza. Shugaban direbobi, wani dattijo tsohon soja, ya zo ya karanta, ya tura mota. Ba sa hannu, ba hatimi. Ja ne, shi ke nan.

Ban san wanda ya fara lura cewa kowa na iya rubutu da ja ba. Ni dai na ga kowace Talata ana rubuta cewa tankar ruwa ta je wani lungu a Ƙofar Kware inda famfo ya ƙafe, har ranar da sakatare yake Legas. Lungun na san shi, can goggona da ta raine ni take zaune. Na kau da kai. Sai abin ya yaɗu. Yau tifa ta kai yashi, gobe babbar mota ta kwaso buhunan gero daga ƙauye, duk da ja.

Lokacin ana korar ma'aikata, a rediyo mutum zai ji sunansa. Na san ranar da maganar ta fito, ba wanda zai ce laifin biron babban mutum ne. Mai littafi za a nema. Tsoro ya kama ni sosai, ga aure na gabana.

Na ɓoye jan biron da ke kan teburin littafin. Masu rubutun suka riƙa zuwa da nasu, kasuwa cike take da shi. Na mai da littafin cikin ofis, masinjoji suka fitar da shi, wai a bakin ƙofa doka ta ce ya zauna. Na je wajen dattijon na ce, "Baba, ka riƙa tambaya kafin ka tura mota." Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni in tambayi ja? Kai dai ba ka yi soja ba."

Gaya wa sakatare cewa ɗabi'arsa ce ta buɗe ƙofar kuwa, ban ma fara ba.

Wata Litinin na riga kowa zuwa. Na sayi jan biro a hanya. Na buɗe sabon shafi na rubuta da manyan baƙaƙe: DAGA YAU KADA A BI KOWANE UMARNI DA KE CIKIN WANNAN LITTAFI. Na jefa biron a kwata.

Dattijon ya karanta sau biyu, ya ƙame, ya juya. Sakatare ya iso da bironsa a hannu, ya tsaya. A kwanakin nan hafsoshin soja kan faɗo ma'aikatu ba sanarwa, kowa ya sani.

"Wa yar rubuta wanga?"

"Ranka shi daɗe, haka nit tarar da shi."

Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya mai da biron aljihu. Daga ranar, ba motar da ta fita sai da takarda mai sa hannu. Sunana bai fito a rediyo ba. A ma'aikatar na yi ritaya.

Bayan mako biyu, ranar Juma'a, na biya ta Ƙofar Kware gai da goggo. Ta kankari gindin randa ta miƙo mini rabin moɗa. Ta ce motar gwamnati ta daina zuwa, yanzu daga wata rijiya mai nisa ake ɗebo musu.

"Kai da ka cikin gwamnati, ba ka ji wa yah hana muna ruwan ga ba?"

Na ce ban ji ba.

"To ko wane ne, shi da Allah."

Ta tsaya tana jira in shanye, don ta karɓi moɗar. Na shanye.