Labulen Baba Yis

Shekara talatin da huɗu Baba Yis ya yi a bakin tanderun gidan burodi. Yaran aiki ne suka laƙa masa sunan, wai shi kamar kwaɓin fulawa mai yis yake, in ka taɓa shi ba ya cewa komai, sai ya koma gefe ya kumbura a hankali. Aikin dare yake yi, saboda haka barcinsa na rana ne. Da hantsi zai dawo da fulawa har cikin gira, ya yi wanka, ya miƙe a ɗakinsa mai taga ɗaya da ke kallon titi.

Labulen tagar nan buhun fulawa ne guda uku, matarsa ta farke ta haɗa. Ba ya tare haske, ba ya tare hayaniya, har tambarin kamfani kana iya karantawa daga waje. Amma kullum kafin ya kwanta sai ta ɗebo ruwa a ƙaramin kwano ta yayyafa wa labulen da yatsu, iska ta biyo ta ciki da sanyinta. Kafin kwanon ya ƙare ya fara minshari. Da Allah ya yi mata rasuwa, shi ya ci gaba da yayyafawa da kansa, bai taɓa gaya wa kowa ba.

To, ya ajiye aiki, likita ya ce jininsa ya hau, lallai ya riƙa samun barci. Nan fa surukinsa, mijin 'yarsa Auta, ya samu abin yi. Mutumin nan kayan lantarki yake sayarwa, kuma ba a taɓa yi masa tambayar da ya ce bai sani ba.

"Baba, wannan tsumman ne ke cutar ka," in ji shi. "Yanzu duniya ta ci gaba. Barci ilimi ne."

Aka sauke buhun fulawa, Auta ta naɗe ta tafi da shi. Aka rataya labulen karammiski mai shafi uku, nauyinsa sai da ƙarti biyu suka ɗaga. Ɗaki ya yi duhu dunɗum, rana tsaka sai ka laluba ka sami takalminka. Baba Yis ya yi godiya, don shi ba ya musu da suruki. Da suka tafi ya ɗauko kwanonsa ya yayyafa wa karammiski ruwa. Ina! Ko kaɗawa bai yi ba. Ya ƙara kwano biyu, ya kwanta yana kallon duhu, ido ƙyar.

Sati biyu ɗaki ya fara warin tsohuwar rijiya. Fumfuna ta fito a gindin bango, ta hau takalman sallarsa. Suruki ya zo ya shaƙa, ya gyaɗa kai kamar wanda dama yake jira.

"Danshi ne, Baba. Akwai maganinsa a shagona."

Washegari ga na'ura mai tsotse danshin ɗaki, tana gurnani a kusurwa, da ɗan bokiti a cikinta inda ruwan ke taruwa. Baba Yis ya leƙa bokitin, ya ga ruwa garau, ya ce kai, zamani da abin alheri yake, ga shi an huta zuwa famfo. Kullum da hantsi sai ya zaro bokitin ya juye a kwano ya yayyafa wa labule. Na'ura ta tsotse, shi ya mayar. Haka suka yi ta yi, ba wanda ya gaji, ba kuma wanda ya yi barci.

Suruki kuwa abin ya tsaya masa a wuya. Ya kawo abin awon danshi ya manna a bango. Ya kawo magini ya ƙwanƙwasa ko'ina, ya hau rufi ya sauko bai ga yoyo ba. Ƙarshe ya yanke hukunci: ginin ne ya sha ruwa tun daga tushe, ɗakin ba ya zaunuwa, ranar Asabar za a kwashe Baba a kai shi gidansu, a ɗakin baƙi mai na'urar sanyi.

Wannan magana ta daki Baba Yis. A ɗakin nan aka haifi Auta, a kan gadon nan matarsa ta cika. Tsoro ya kama shi sosai, sai ya koma gefe ya kumbura.

Ranar Juma'a da hantsi Auta ta zo haɗa masa kaya. Ta yi sallama bai ji ba saboda gurnanin na'ura. Ta tura ƙofa, ta same shi tsaye gaban labule, kwano a hannu, ruwa na ɗiga daga yatsunsa.

"Baba! Ashe kai ne? Wata guda ana neman yoyo!"

Ya tsaya kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Haka babarki take yi," ya ce. "In ba a yi ba, ba na iya barci. Yanzu kuma ko an yi ba ya zuwa."

Auta ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tuna. Tana ƙarama ita ke riƙe wa babarta kwanon, ana ce mata ta yi shiru Baba zai kwanta. Ta juya ta fita. Bayan awa ɗaya ta dawo da buhun fulawar nan, wanda saura kaɗan ta mayar da shi tsumman goge ƙasa. Ta kashe na'ura, ta ja karammiski ya zube ƙasa rim, ta rataya buhun a wurinsa, ta buɗe taga. Hayaniyar titi ta shigo, da haske, da ƙarar masu gyaran babur.

"Kwanta, Baba."

Ta tsoma yatsu a kwano ta fara yayyafawa. Wayarta ta yi ƙara, mijinta ne, yana tambaya ko motar kwasar kaya ta zo da ƙarfe tara gobe.

"Ka rage murya," ta ce a hankali. "Baba ya yi barci."

Kwanon ko rabi bai yi ba.