Katin Rigakafina na Nijar

Shekara tara ina dafa wa ɗalibai abinci a wata makarantar kwana mai zaman kanta a Daura. Lokacin korona shugaban makarantar ya tara mu, ya ce duk ma'aikacin da bai kawo katin rigakafi cikin sati biyu ba, ya nemi wani aikin.

Ni ko a jikina, ai na riga kowa. Mahaifiyata tana wani ƙauye gaba da Mai'adua, cikin Nijar, inda mu ba ma ɗauka wata ƙasa ce. Babur ake hawa a je a dawo kafin la'asar. Can wurin jinyarta aka yi mini allurar har sau biyu. Ta biyun sai da ta kwantar da ni kwana uku.

Na miƙa wa shugaban katin ina taƙama. Ya juya gaba, ya juya baya.

"Iya, wannan da Faransanci aka rubuta. Irin namu nake so."

"Haba, ranka ya daɗe! Allurar dai ɗaya ce. Ga dantsena nan."

Ko murmushi bai yi ba.

Na tafi asibitinmu. Ma'aikaciyar ta ce ba ta ba da kati sai ga wanda ta yi wa da hannunta. Na ce to bismilla, soka. Ta duba kwanan watan katina, ta ce lokacin ƙari bai yi ba, sai nan da wasu watanni. Tirƙashi! Raina ya ɓaci, har na gaya mata maganar da na yi nadamarta.

Maƙwabcinmu tsohon magatakardan kotu ne, na same shi a ƙofar gida na ba shi labari.

"Malam, doka ta ba shi ikon korata?"

Ya ce wallahi lauyoyi ma jayayya suke a kai. "Kina da takardar ɗaukar aiki?"

Ba ni da ita, da baki aka ɗauke ni. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Ranar da wa'adi ya cika, maigadin da kullum nake ajiye wa ƙanzo ya tare ƙofa, ya kasa haɗa ido da ni. Muciyata ya miƙo mini ta saman get. Na hango hayaƙi yana tashi daga murhuna, wata ta riga ta hura. Kuka na yi har gida.

Da watannin suka cika na je aka yi mini ta uku, na kai wa shugaban makarantar katin da yake so. Bai ko karɓa ba. Ya ce ai yanzu an daina tambaya, gurbina kuma an cike shi tuntuni.