Abdulganiyu Ɗantala, Golan da Ya Tsare Raga da Sunan Ƙanensa

Haihuwarsa

An haifi Abdulganiyu a garin Maigatari ranar Talata, 4 ga watan Maris na shekarar 1980, tun ƙasar Gumel tana cikin Jihar Kano, kuma saboda ranar ne aka yi masa laƙabi da Ɗantala. Mahaifinsa Malam Ɗantsoho igiyar dabbobi yake sayarwa a kara, wato kasuwar dabbobi, mahaifiyarsa Safara'u kuwa mutuniyar Ɗanzomo ce. Shi ne ɗan farinta, don haka bisa alkunya ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce “wancan”. A ɗaki aka haife shi, ba shi da takardar haihuwa. Mai takarda shi ne ƙanensa Mudassir, wanda aka haifa a asibiti ranar Alhamis, 15 ga Maris 1984, ƙyanda ta ɗauke shi yana da shekara uku, takardar kuma ta yi zamanta a cikin adaka. A riƙe waɗannan ranaku biyu, don a kansu maganar take.

Karatu da Fara Ƙwallo

Ya yi allo, ya yi firamare, ya shiga sakandare a Gumel a 1993, amma ba a ji malamin da ya yi shaidar ya kammala ba. Abin da kowa ya shaida shi ne tsawonsa da faɗin tafin hannunsa. A gasar ƙananan hukumomi ta 1998 ya tsare wa Maigatari raga, ya kaɗe fenareti uku a wasa ɗaya da Sule Tankarkar, har mutanen can suka tone bayan raga suna neman laya. Ba su sami komai ba.

Haɗuwarsa da Barau

A 1999 wani Barau, tsohon dillalin shanu da ya koma dillancin ’yan wasa, ya nemi kai shi gwajin matasa ’yan ƙasa da shekara goma sha bakwai a Damagaram. Ɗantala yana da goma sha tara. Mutumin da ya saba sayar da tsohon sa a matsayin ɗan maraƙi ba zai rasa dabara ba. An ce Malam Ɗantsoho ne ya buɗe adakar, an kuma ce Ɗantala ne da kansa. Uban ya rasu a 2001 bai faɗa ba. Ko ma wane ne, da takardar mamaci aka yi fasfo, Abdulganiyu ya ƙetare iyaka yana Mudassir ɗan shekara goma sha biyar. Barau ya gyara suna, ya gyara shekara, ya manta da abu guda: ya bari aka buga “Ɗantala” a bayan riga.

Wasa a Ƙasashen Waje da Aure

Ya yi shekara huɗu a wani kulob na Damagaram, inda ’yan kallo suke kiransa Kwaɗo, wai ya kulle ƙofa. A 2003 ya koma wani kulob a Sudan, ya ci kofi da su sau biyu, ’yan jarida suna ta mamakin yaro ƙarami da natsuwar manya. Manyan ne kuwa. A hutun 2005 ya auri Raihana ’yar Gagarawa, aka ɗaura da sunan Abdulganiyu, aka yi mata bizar tafiya a matsayin matar Mudassir.

Binciken Alhaji Cindo

A 2008 wani kulob na ƙasar Larabawa ya nemi ɗaukarsa shekara biyar, bisa cewa shekarunsa ashirin da huɗu. Wanda kulob ɗinsa na Sudan ya ba haɗa takardun shi ne Alhaji Cindo, Bahaushen Sudan, jikan maniyyatan da suka yada zango a can. Ya dubi fasfo, ya dubi riga, ya sa aka nemo masa tsohuwar kalanda, sannan ya tambayi golan yadda aka yi Alhamis ta haifi Ɗantala, alhali Ɗanlami ya kamata ta haifa. Ɗantala ya ce laƙabin kakansa ne. Cindo bai musa ba, sai ya sayi tikiti.

Ya iso Maigatari a watan Yuni. Barau ya riga shi zuwa, ya yini yana koya wa Safara'u amsa: kalma ɗaya kawai, ta ce Mudassir, ɗanta ya haye. Da Cindo ya tambaye ta ko ta san Mudassir, ta ce, “Ni na haife shi, ni na goya shi.” Da ya miƙa mata hoton golan ya ce ta faɗi sunan wannan, sai ta ja mayafi ta kawar da kai. Sau uku yana tambaya. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma tona ba. Barau ya ce ai tsohuwa ce, kunya take ji. Cindo ya ce, “Haka ne, Malam. Amma ɗan fari ake wa wannan kunyar, yanzu kuwa na ji ta kama sunan Mudassir ba gargada.”

Cinikin ya watse, kulob ɗin Sudan ya sallame shi da sunan ciwon gwiwa. Cindo bai kai maganar gaba ba. Wasu sun ce tausayi ne, wasu sun ce tsoron a ƙwace kofunan nan biyu ne, kuma na biyun ya fi kama da halin duniya.

Dawowarsa Gida

Ya buga wa wani ƙaramin kulob a Kano kaka biyu, ya ajiye safar hannu a 2010, ya zauna a Gumel yana horar da masu tsaron gida. Sau biyu yana zuwa ƙofar kotu don ya yi rantsuwa ya karɓi sunansa, sau biyu yana juyowa, domin lambobin yabo da hotunan jarida da takardun makarantar ’ya’yansa duk Mudassir suka sani. In ya zama Abdulganiyu, bai taɓa cin kofi ba. Tsakaninsa da mahaifiyarsa gaisuwa ce kullum Juma'a, ba a taɓa jin ɗayansu ya tayar da zancen hoton ba.

Rasuwarsa

Ya rasu a Gumel ranar 3 ga Agusta 2023 bayan jinyar ƙoda. Ranar Alhamis ce. Aka kai shi Maigatari, aka yi masa sutura bayan la'asar. Kafin a fito da shi, gardama ta tashi a zaure kan sunan da za a sanar: abokan wasansa suka ce Mudassir duniya ta sani, dangi suka ce an binne Mudassir tun 1987, ba a binne mutum sau biyu. Liman ya ce a tambayi wadda ta haifa. Ba a kai ga aikawa ba aka ji muryar Safara'u daga bayan asabari ta ce, “Abdulganiyu.” Shekara arba'in da uku ke nan, ranar ta fara faɗa.

Da wannan suna aka sallace shi, aka binne shi a maƙabartar da ƙanensa yake. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa Raihana, da ’ya’ya huɗu: Habibullah, da Nana Firdausi, da Sauda, da autansu Mudassir, wanda aka haifa ranar Litinin, kuma takardarsa tasa ce. Allah Ya jiƙan Abdulganiyu, Ya yafe masa.