Keke guda, ƙafa huɗu

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal cikin Tawa, kekena ƙafafu huɗu gare shi. Biyu sirara na yawon gari bisa gudaro, wato kwalta, biyu masu kauri na hanyar gonarmu da ke wajen Affala, inda rairayi da duwatsu da ƙayar aduwa ba su raga wa kowa. Abokina bakanike ne ya ba ni wannan dabara, ni kuwa na riƙa jin kaina kamar wani injiniya. Da rani ya shigo sai na kwance masu kaurin, na rataye su a zaure, na manta da su.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, kawuna ya aiko cewa in zo da irin gero da sassafe kafin ƙasa ta tsane, don a wurina aka ajiye irin. Na ɗaure buhun, na shiga zaure ɗauko ƙafafun, sai na tarar da ƙusa kawai a bango.

Na sami mahaifiyata tana dama fura. Na ce, "Inna, ina ƙafafun keken da ke zaure?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Waɗanga tarkacen? Na ba tsohon da ka kawo muna ruwa. Bayanai ciwo yakai, ya yi kurar tura ruwa da su."

Na ce mata ai amfani nake da su.

Ta ce, "Keke guda, ƙahwa huɗu? Jaki na?"

Na ruga gidan tsohon. Ashe mai walda ya riga ya liƙe su jikin ƙarfe, har haƙoran da sarƙa ke kamawa ya yanke. Tsohon ya kama hannuna yana ta sa mini albarka. Ta yaya za ka ce wa mai yi maka addu'a ya maido maka taya?

Haka na kama hanya da siraran. Ina barin gudaro suka nutse. Ƙaya ta huda ta gaba, na yi faci, ta huda ta baya. Ƙarshe ni na riƙa turin keke da buhu, laka har gwiwa. Sai bayan la'asar na isa. Kawu ya gaji da jira, ya roƙi iri wurin maƙwabta ya shuka rabin gona. Ya dube ni sama da ƙasa, ya kira ni da laƙabin malaman lakwal, ya ce, "Mushe, da ka aiko jaki da ya riga ka." Sauran rabin sai ruwa na biyu, kuma bai yi abin kirki ba a shekarar.

Inna ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba har ta koma ga Allah. Ladan sadakar ban yi mata gardama ba, na bar mata shi. Amma har yau in na tuna, haushin da ke cina shi ne, gidan cike yake da tarkace na gaske, ba ta ga abin bayarwa ba sai nawa.