Takardun Inna Biyu da Sunan Yaya Sale

A wannan watan Inna ta cika shekara shida da rasuwa. Ni ce autarta, kuma ni ce mai rubuta mata sunaye tun ina aji uku. A aji huɗu karatuna ya tsaya, amma aikin sunayen bai tsaya ba, har yau yana hannuna.

Inna tana da takardu biyu a jakar da take ajiye carbinta. Ɗaya ta masu rai, ɗaya ta waɗanda suka riga mu. Shayi da ƙosai take sayarwa a lungunmu na Misfala, hanyar masu tafiya Harami a ƙasa. In alhaji ya ce, "Hajiya, a sa mu a addu'a," ba ta cewa to kawai. Sai ta ce, "Sunanka da na mahaifinka? Wa ka baro ba lafiya? Wa ka rasa?" Sannan ta kira ni in rubuta, don ita ba ta iya ba. Kowace Alhamis bayan La'asar mu tafi Harami, mu sami gefe mu zauna, ina karanto mata suna ɗaya bayan ɗaya, tana roƙo. Masu rai lafiya da rufin asiri, mamata gafara da hasken kabari.

Ba ta ɓoye inda ta samo dabarar ba. Kafin a haife ni ta yi aikin gida a Jidda tare da wata Bahabashiya Kirista mai suna Almaz. Ita ta ba ta labarin cewa a cocinsu na gida mutum yakan rubuta sunayen nasa, masu rai daban, matattu daban, ya miƙa kafin a fara ibada, limaminsu ya ambace su. Inna takan ce mu babu wanda muke miƙa wa takarda, kai tsaye muke roƙon Allah, amma mantuwa iri ɗaya ce a kan kowa. Ta ɗauki rabon takardun, ta bar musu sauran.

In labarin rasuwa ya zo, sai ta ce mini, "Ya binti, 'yata, ƙetarar da shi." In soke sunan a nan, in rubuta shi a can. In ɗan'uwa ne na jini, a makon nan za ta je Tan'im ta ɗaura harami ta yi masa Umra.

Suna ɗaya ne bai taɓa ƙetarawa ba. Yayana Sale ba shi da iƙama, takardar izinin zama, aka mayar da shi Najeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba. Bai iya zama can ba, ya kama hanyar sahara. Kiransa na ƙarshe daga Cadi ya zo, shekara uku kafin Inna ta rasu. Daga nan shiru. Mutane suka yi ta ba ta shawara ta yi masa Umra ko hankalinta ya kwanta. Ta ƙi. Ta ce ba a yi wa mai rai mai lafiya Umra, ranar da ta ɗaura harami da sunansa, ranar ta binne shi da hannunta.

Yanzu ina zaune a Rusaifa da mijina da 'yata mai shekara uku, wadda ta ci sunan Inna muke kiranta Ummi. Lungunmu na da an rushe shi. Sunaye kuwa ta waya suke zuwa, saƙon murya daga Kano, daga Damagaram, daga Sudan. Na san Inna za ta so wannan, tunda da kunnenta za ta ji, ba sai ta jira ni ba. Abin da ba na jin za ta so shi ne sabon yayi, a rubuta sunan mutum a takarda, a ɗaga ta gaban Ka'aba, a ɗauki hoto a tura masa. Ni ma ana roƙona in yi. Kamar ina jin ta tana tambaya, bayan hoton wa ya karanta?

Ba ni da natsuwarta. Ina karatu, hannuna ɗaya riƙe da rigar Ummi don tsoron cunkoso. In ta motsa na ɓata layi, sai in koma farko, kada in tsallake wani wanda watakila ranar ya fi kowa bukata.

Makon jiya Kawu Idi, ƙanen Inna, ya zo gidanmu. Ya ga takardar masu rai ta yage a wajen naɗin, dole a sake kwafe ta. Ya ce, "'Yata, shekara tara ke nan. Khalas, ya isa haka. Uwarku ta kasa ne don uwa ce. Ke ki ƙetarar da shi, ki yi masa Umra. In ya mutu, kin hana shi addu'ar da ta dace da shi."

Maganar ta tsaya mini a rai, don ba ƙarya ya faɗa ba. Kwana uku ina juya ta. In yana kabari ina roƙa masa rufin asiri, me na yi masa? In kuma yana wani gari yana numfashi ni na soke shi fa? Na dubi Ummi tana barcin rana, na tambayi kaina shekara nawa za su ishe ni in soke nata. Ban sami adadin ba.

Ranar Alhamis na kwafe sabuwar takarda. Sale yana nan a layin farko na masu rai, inda Inna ta bar shi. Abu ɗaya na ƙara. In na zo kansa nakan ce, Allah ka san inda yake, in yana raye ka dawo da shi, in yana wurinka ka gafarta masa. Na gaya wa Kawu, sai ya ce a sa sunan matarsa, ƙafarta na ciwo.

Inna ba ta bar gida ba, ba ta bar zinare ba, tukunyar shayinta ma maƙwabciya muka ba. Abin da ta bari shi ne kada ka ce wa mutum za ka yi masa addu'a sannan ka manta sunansa. Nata sunan ni na ƙetarar da shi da hannuna, don na ga an sa ta a makara. Na Sale ban gani ba. Gobe zan je Tan'im in ɗaura harami, kuma da sunan Inna zan ɗaura.