Tsagar Fuskar Mahaifina

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka kawo mini hoton mahaifina ba tsaga a fuskarsa ba. Hoto ɗaya tak marigayin ya ɗauka a rayuwarsa, yana zaune a ƙofar gidanmu a Aujara, da tsaga uku-uku a kowane kunci irin ta gidanmu. Na ajiye shi a ƙasan akwati, gara ta shiga ta cinye shi. Allah ya taimaka, kafin haka matar ɗana ta ɗauke shi da wayarta wata rana da suka zo gaisuwa. Wato duk duniya fuskar mahaifina ba ta rage a ko'ina ba sai a wayar surukata.

Ita 'yar gidan malamai ce a Yalwawa, mu kuwa manoma. Tun da aka yi auren nake zargin tana ganinmu 'yan ƙauye, ko da yake ban taɓa kama ta da komai ba. In ta durƙusa ta gaishe ni sai in ce a raina ladabin ganin ido ne.

Da ɗana ya kawo hoton an wanke shi babba, an sa a gilashi, sai na ga wani mutum mai sumul ɗin fuska kamar ɗan kasuwar birni. Rigar tasa ce, hular tasa ce, amma tsagar babu. Na ce, "Wane ne wannan?" Ya ce, "Baba, kaka ne mana. Ita ta gyara shi a waya, ya fi haske." Na ce ya kwashe abinsa. A raina na gama yanke hukunci: ta goge tsagar ne don kada danginta su gani a bangon ɗakinta.

Ban tambaye ta ba. Mu ba ma doguwar magana da suruka, ni kuma na fake da wannan. Sai na riƙa faɗa wa mutane a majalisa cewa an auro mana wadda ke jin kunyar asalinmu. Ta aiko da miyar taushe na mayar. Mai ɗakina ta ce, "Malam, kai da ba ka iya duba saƙo a waya ba, yaushe ka san abin da aka yi a cikinta?" Na ce ta yi mini shiru.

Maganar ta zagaya har ta isa kunnenta ta bakin mata. Wata Asabar da hantsi sai ga ta a Aujara. Ta durƙusa nesa da tabarmata, ta ce, "Baba, ku gafarce ni, ina so ku duba wani abu." Ta miƙa wa mai ɗakina wayar, ta ce ta danna wani wuri. Nan take tsagar ta dawo, shida cif.

Ko a nan ban saki zargin ba. Na ce, "Kin zana su ne da kika ji na yi magana." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, abin gyaran hoton ba ya taɓa na asali. Gyaran da aka yi daban yake ajiye shi, kamar an shimfiɗa mayafi a kai. In an so sai a yaye. Ni haske na ƙara, shi ya ɗauki tsagar a matsayin ƙarcewar takarda ya share, ban lura ba. Ku duba gefen hoton."

Na matso da wayar kusa da idona. A kusurwar ƙasa ga tabon manja, shatin babban yatsa. Ni na yi shi da hannuna ina saurayi, har marigayin ya yi mini faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ba yadda za a yi ta san da shi balle ta zana.

Mai ɗakina ta ce, "To, Malam, shi ma yatsan ita ta zana?"

Na roƙi surukata gafara a wurin, ta ce ba komai. Na bi majalisa na janye maganata, amma waɗanda suka ji ta farko sun fi waɗanda suka ji ta biyu yawa. Har yau akwai matar da ke kiranta mai goge tsaga. Ita kuma tun daga lokacin, in za ta aiko mini abinci sai ta fara tambayar mai ɗakina ko zan karɓa.

Hoton na gaskiya yana rataye a ɗakina yanzu, da tsagarsa da tabonsa. Abin da na koya shi ne in tambayi mutum kafin in kai sunansa majalisa. Wayar ta ajiye fuskar mahaifina yadda take, dannawa ɗaya ta dawo. Sunan yarinyar nan da na ɓata, shekara huɗu ke nan ina neman inda zan danna.