Gaisuwar Alhaji Daga Lagdo

Ranar da 'yata ta ɓuya a bayan zanen mahaifiyarta don ta gan ni, ranar na ƙudura cewa ko ana ha-maza ha-mata sai na dawo da aikina Lagdo. Na sauko daga mota da ledar biskit, ina ta washe baki, na miƙa mata hannu, sai ta dube ni kamar mai allurar riga-kafi, ta tsandara ihu. Inna, mahaifiyata, na zaune tana juya kifi a kan wutar banda, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ai ƙiwuya ce, yaro ba ya zuwa wurin baƙo. Ni ne baƙo, a gidan da aka binne cibiyata. Na yi dariyar yaƙe, amma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

A Garwa nake aiki, wurin wani Alhaji attajiri da kakanninsa suka zo fatauci daga Kano suka zauna. Ni ke bin takardun duwan, wato kwastan, ni ke sanin inda manyan motocinsa suka kwana tsakanin Duwala da iyakar Cadi. Duk aikin a cikin kwamfuta da waya yake. Inna kuwa ta rantse ba mai raba ta da bakin ruwa da sana'arta, matata kuma ita ke kula da ita. Sai ranar Asabar da yamma nake zuwa gida, in motoci sun bar ni, kafin yarinyar ta fara sakin jiki na juya. Wani lokacin wata guda cur ba su gan ni ba.

Na koma Garwa da zafina. Na tsara hujjoji kamar lauya, na tari Alhaji a ofis, na zazzage masa: in ya bar ni in yi aikin daga Lagdo zan fi sauri, ba ɓata lokaci a hanya, a manyan birane ma haka ake yi tun lokacin korona. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya tambaye ni wutar da zan yi aikin da ita a ƙauye. Nan fa ya taɓo mini inda ke ƙaiƙayi. Na nuna fankar da ke juyawa a kansa, na ce wutar da take sha daga madatsar ruwan garinmu aka jawo ta, mu ne masu abu, su 'yan tayi ne. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, na ce a raina shi ke nan, na ci gari. Yana gama dariyar ya ce a'a. Na koma masa, na sake komawa, a'ar dai ce, kuma kullum fuskarsa ƙara ɗaurewa take yi. Har ya daina tambayata lafiyar Inna.

Wannan tambayar tana da wurinta. Kowace safiya, kafin a buɗe sito, Alhaji kan zauna a kan darduma a rumfar ƙofa, mu zo ɗaya bayan ɗaya, mu tuɓe takalmi, mu durƙusa. Ya gaisa da direbobi da Fulatanci, ya gaisa da akanta, mutumin kudu, da Faransancinsa mai ɗingishi, mu kuma da Hausa. Kwana, gajiya, gida, mai jiki, har akuyar da aka ce ta ɓata makon jiya sai ya ji labarinta. Ni dai a lokacin ɓata lokaci na ɗauki abin, ina durƙushe hankalina na kan saƙonnin da ke jirana.

Inna ce ta gaji da ƙorafina. Ta ce ba a hawa babba gaba da gaba kamar rago, kamun ƙafa ake yi. Ta cika kwando da bandar tarwaɗa da ragon ruwa, ta ce in kai wa Hajiya, yayar Alhaji wadda ta goye shi, daɗaɗɗiyar mai sayen kifinta. Na tarar da Hajiya tana tsinke zogale. Na ba ta labarin ƙiwuyar 'yata, na karanta mata duk hujjojina, ita kuwa tana ta dariya ƙasa-ƙasa.

"Ɗan nan, ka iya boko amma ba ka iya ƙanena ba," ta ce. "Tun zamanin ubanmu, yaron gida in bai zo gaisuwar safe ba, ɗayan biyu ne: ko ba shi da lafiya, ko ya bar gidan. Kai ka je kana gaya masa za ka daina gaishe shi, kana jira ya sa maka albarka?"

Wallahi ji na yi kamar an buɗe mini taga. Ashe duk surutun da nake yi, shi abin da yake ji shi ne zan bar shi. Na miƙe zumbur har na kusa kifar da tiren zogalen, na fita ina tafe ina magana ni kaɗai, mai babur ɗin da ya ɗauko ni yana ta waiwayena.

Washegari da layi ya zo kaina, na durƙusa na gaishe shi a tsanake, gaisuwar da ban taɓa yi masa irinta ba. Ban ambaci aiki ba sam. Na ce izini nake nema in riƙa gaishe shi daga Lagdo, ta wayar da ake ganin fuska, a daidai layina, ba gaba ba baya. Ya dube ni, ya ce:

"Za ka tuɓe takalmi?"

"Zan tuɓe, ranka ya daɗe."

"Ta ina zan sani?"

"Sai in haska maka ƙafata."

Direbobi suka kwashe da dariya, shi ma ya kasa riƙe tasa. Ya ce to, amma ranar Juma'a in zo da ƙafata mu yi sallah tare, kuma duk safiyar da wayar ba ta yi ƙara ba, zai turo mota a kwaso ni da komatsaina. Ban san lokacin da na kama hannunsa da hannu biyu ba. A tasha na sayi biskit har ya fi ƙarfin leda, duk wanda ya zauna kusa da ni a mota sai da ya ji labarin, ko ya so ko bai so ba.

A gida sai da na zagaye ko'ina da waya a sama kafin na gane cewa sabis bai zauna ko'ina ba sai gindin mangwaro, dab da wurin bandar Inna. Nan na kafa tebur. Har yau in na buɗe kwamfutar a Garwa ranar Juma'a, akanta sai ya ce ƙamshin kifin da ke fita daga cikinta ya sa yunwa ta kama shi. Yarinyar kuwa daga nesa take leƙena, ta karɓi biskit ta hannun uwarta. Na ce ba komai, mai haƙuri yakan dafa dutse.

Wata safiya na jingina wayar da tulu, na tuɓe takalmi, na durƙusa, fuskar Alhaji ta fito. Muna cikin ina gajiya sai na ji motsi a gefena. Ita ce, ta tuɓe 'yan silifas ɗinta ta jera su kusa da nawa, ta durƙusa yadda ta ga ina yi. Na ƙi ko numfashi mai ƙarfi, kada ta gudu. Alhaji, wanda Hajiya ta riga ta ba shi labari duka, ya matso da fuskarsa, ya tambaye ta kwana, sannan ya ce wane baƙo ne wannan a kusa da ita.

Ta dafa gwiwata, ta harare shi.

"Ba baƙo ba ne. Babana ne."

Gaisuwar da ban ƙarasa ba ke nan. Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce in share fuskata in tashi, akwai mota tana jiran takarda a Ngaundare.